Matambayi ba ya ɓata, to ina wanda za a tambaya?

A ƙauyukanmu na ƙasar Ringim baƙo ba ya neman taswira. Ya tsaya gindin bishiyar da dattawa ke zama ya yi sallama, a ce masa ya wuce kuka, ya bar rijiya a hagunsa, gida na uku mai zaure. Sau tari ma yaro za a haɗa shi da shi. A Ingila kowa ya rufe ƙofarsa, wanda ka tare a titi da ƙyar ya san sunan layin da ke bayan gidansa. Shi ya sa bayan mota, abin da ɗan uwanmu ke fara saye shi ne na'urar nuna hanya. Kuma a nan ake fara shan kunya: direban da ya shekara goma tsakanin Kano da Haɗeja, ga shi yana zagaya shatale-tale sau uku ana danna masa hon, saboda wata murya ta tura shi hanyar da aka toshe tun bara.

Yawanci tsohuwar taswira ce ke jawo haka. Na'urar tana gane inda kake ne daga taurarin ɗan Adam, aƙalla huɗu, kyauta, ba ta cin data. Amma hanyoyin a cikinta aka ajiye su, kuma yadda aka zuba su haka za ta yi ta karanto maka, ba ko ɗar.

Don haka wajen saye, taswira za ka fara dubawa kafin kyan allo. Na'urorin kamfanonin Garmin da TomTom su suka fi yawa. Allo mai inci 5 ko 6 ya isa ƙaramar mota. Ka tabbatar tana da taswirar Birtaniya, kuma sabuntawar kyauta ce. Idan tana da Wi-Fi ka huta da neman kwamfuta. Mai jan babbar motar kaya ya nemi wadda ake shigar wa tsayin mota da nauyinta, in ba haka ba za ta kai shi gadar da ba zai shige ba. A kan ta gwanjo kuwa a yi hattara. "Sabuntawa har abada" da ke jikin kwali yana nufin muddin kamfanin bai yar da samfurin ba, kuma a 2018 TomTom ya daina ba wa tsofaffin na'urorinsa da dama sabuwar taswira. Kafin ka biya, shiga saitin ka ga shekarar taswirar, ka duba lambar samfurin a shafin kamfanin.

Waya ma tana yi, da Google Maps ko Waze, amma a maƙale a mazauninta. Riƙe waya ko na'urar a hannu kana tuƙi, ko da danja ce ta tsayar da kai, tarar fam 200 ce da makin laifi 6 a kan lasisinka, kuma wanda bai cika shekara biyu da cin gwajin tuƙi ba lasisin ya tafi ke nan. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake yi a nan, kuma tun Disamban 2017 bin na'urar yana cikin gwajin.

Sabuntawar ba wuya. Ka sa manhajar Garmin Express, ko MyDrive Connect in ta TomTom ce, a kwamfuta, ka jona na'urar da wayar USB da ta zo da ita, don wasu wayoyin caji kawai suke yi, kwamfuta ba za ta ga komai ba. Taswirar Turai gigabait da yawa ce. Idan aka ce wuri bai isa ba, sa memori mai 16 ko 32. Kada ka zare wayar USB ɗin kafin a gama, ko da an kai awa biyu, don na'urar na iya tashi babu taswira sam, sai an sake daga farko. Duk wata uku ka leƙa. A Satumban 2023 Wales ta mayar da gudun yawancin titunan cikin gari mil 20 a awa, a Agustan shekarar kuma harajin hayaƙi na fam 12.50 a rana ya game Landan duka. Tsohuwar taswira ba ta san da ko ɗaya ba, wasiƙar tara ce za ta sanar da kai. Ka bar saitin a mil, don da shi allunan titi suke. Ka zaɓi hanya mafi sauri, domin mafi kusa gonaki za ta ratsa da kai ta lungun da mota biyu ba sa giftawa.

Da yawanmu kuma, in dare ya yi, sukan buɗe taswirar waya su nemo gida. Kwaltar Ringim zuwa Gujungu tana nan, amma burjin da ya shiga ƙauyen wani lokaci ko layi babu, sunan garin ma an rubuta shi a karkace. Sai a kira ƙane a tambaye shi ko ruwa ya yanke hanyar bana, ta ina ake zagayawa da Inna in za a kai ta asibiti, wa ke da mashin mai lafiya. Shi kuwa ya lissafo maka su tiryan-tiryan, har da ramin da ke gaban gonar Baffa, sannan ya tambayi yaushe za ka zo.