Littafin Bashin Baba

Tun ina ƙarami, da zarar hunturu ya fara fasa leɓe, Mama za ta miƙo mini 'yar takarda ta ce in kai shagon wani dattijo da muke kira Baba, da ke bakin layinmu a Wusasa. Fulawa da sukari da bota na cincin, mudu goma na shinkafa, man gyaɗa, tumatirin gwangwani. Ba ta haɗa ni da ko sisi. Baba zai auna, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango, sai an yi albashin Janairu a biya.

Shinkafar nan rabinta ba cikinmu take shiga ba. Ranar Kirsimeti, da mun dawo daga cocin St. Bartholomew, wanda ke nan tun 1929 lokacin da mishan ta taso daga cikin birnin Zariya, sai a jera mana kuloli mu yi ta kaiwa gidajen maƙwabta Musulmi. Su ma da Babbar Sallah haka naman layya ke shigo mana.

Da na gama sakandare na zama yaron shagon, na yi shekara huɗu. Auna mudu da tsarin kaya a kanta, wannan a wata guda na iya. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne gane inda kuɗi ke zurarewa.

Baba a kan farashin da ya saro kaya yake ɗora riba. Shekara da shekaru hakan bai cuce shi ba. Amma bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, komai ya fara tashi mako-mako. Mu sayar da buhu, mu lissafa mu ga riba, in je kasuwar Sabon Gari in tarar kuɗin gaba ɗaya ba za su sayo wani buhun ba, ga kuɗin keke ya ninka. Na bashi kuwa ya fi muni: wanda ya ɗauki mudu goma a Disamba, in ya biya a Fabrairu, da kyar kuɗinsa su mayar da bakwai. Ba wanda ya cinye mana kuɗi, kowa ya biya, amma kanta kullum sai ƙara yin fili take.

Na ce masa, "Baba, mu riƙa sa farashi a kan yadda za mu saro gobe, bashin kuma a rage."

Ya ce, "Yarona, da bashin nan aka yi cincin ɗin da ya raine ka."

Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Sai dai har yau ina ganin ni ma ban yi kuskure ba. Da ya bi shawarata da ya ɓata da mutum biyar ko shida, amma da ƙofar shagon tana buɗe. Yanzu da nake ɗan kasuwancina, kafin in faɗi kuɗin kaya sai na buga waya Sabon Gari, bashi kuma ba ya wuce mako biyu. Ina jin kunyar hakan wani lokaci, musamman in tsohuwa ce a gabana.

An rufe shagon kafin Kirsimetin 2024. Mai POS ne a wurin yanzu. A shekarar mudu shida kawai Mama ta iya saya, kuɗi hannu, amma kular farko gidan Baba ta ce in kai. Ya buɗe, ya leƙa, ya tambaye ni nawa muka sayi mudu.