Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Watannin da Muka Zaci Na Warke

Makon jiya na tsaya inda aka sallamo ni daga asibiti bayan an gano ina da ciwon sukari nau'i na ɗaya, Inna na riƙe da ledar allurai. Shekarata goma sha biyar.

Bayan wata biyu sai sukarina ya fara sauka fiye da kima. Kafin a tashi daga lakwal jikina na rawa, gumi na keto mini. Aka rage insulin, allurar da ke saukar da sukarin jini, aka sake ragewa. Ƙishirwar da ke tashina sau biyar a dare ta ɗauke, kumatuna suka ciko. Gwaggo ta zo daga Tibiri ta ce ai jiƙon da ta aiko ne ya ci ciwon. Baba ya yi sadaka, ya ce a daina huda masa ɗiya. Har yau ban ga laifinsa ba.

Da muka koma, likita ya saurare shi har ya gama.

"Alhaji, fara ce ta sauka a gona, amma ba ta cinye hatsin duka ba. Sauran da ya tsira ne kake gani. Farar kuma tana nan."

Ya ce garkuwar jikina ce ke kashe ƙwayoyin beta masu yin insulin. Allurar ta ba waɗanda suka rage hutu, shi ya sa suka farfaɗo na ɗan lokaci. In aka tsayar da ita, aikin zai sake danne su.

Sai daga baya na san cewa wannan sauran hatsin shi masu bincike ke ƙoƙarin karewa, suna auna shi da wani sinadari a jini mai suna C-peptide. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin maganin teplizumab kan yara 328, 'yan shekara 8 zuwa 17: waɗanda aka ɗura wa shi sun fi riƙe insulin ɗinsu bayan mako 78. A Ostareliya an gwada baricitinib, maganin ciwon gaɓoɓi, kan mutum 91. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne verapamil, tsohon maganin hawan jini, da ya rage wa ƙwayoyin lalacewa a yaran da aka gwada a Amurka. Babu ko ɗaya da ya raba yaro da allura, kuma kada kowa ya je farmasi ya saya wa ɗansa da kansa.

Abin da ya sa ni kuka shi ne sharaɗin gwajin teplizumab: sai wanda bai wuce mako shida da gano ciwon ba. Can kowace rana lissafinta ake yi. Ni kuwa wata uku na yi ina ramewa, ina fitsari tururuwa na bi, ana ba ni maganin masassara, ba wanda ya ɗiga jinina a na'ura.

Ranar da likita ya yi wancan bayani dai Baba bai ce uffan ba. Muka biya ta babbar kasuwa ya sayi sabon tulu da buhun yashi, don sanyaya insulin saboda ɗauke wuta. A cikinsa insulin ɗina ya kwana har watan Afrilu, lokacin da ƙishirwar ta dawo. Daga nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.