Ciwon hantsa: daga hannu yake ko daga makwanci?

Kiwon shanun tatsa nake yi a 'yar gonata da ke kan hanyar Shika, ina kuma haɗa yogot ina kai wa shaguna a Samaru da Sabon Gari. Yawancin shanun Bunaji ne, sai 'yan ruwa biyu masu jinin Firisiyan, shanun madara na ƙasar Turai. Ba abin da ke cinye ribar wannan sana'a kamar ciwon hantsa. Wanda ya fito fili, hantsa ta kumbura, madara ta yi gudaji, da sauƙi. Mugun shi ne ɓoyayye: saniya na cin abincinta lafiya lau, madara na raguwa, sai gwajin CMT, wanda ake yi wa madara don gano ciwon, ya tona shi.

Sanin cewa cuta ta shiga garke bai isa ba. Ƙwayar Staphylococcus aureus, ɗaya daga cikin masu jawo ciwon, ma dangi-dangi ce, kuma a ɗakin gwaji ana iya bin ƙwayoyin halittarta a gane ko dangi ɗaya ne ke cikin shanunka. Abin da ya sa nake kashe kuɗi likita ya ɗebi samfurin madara daga kowane kan nono ke nan, duk da tsadarsa. Idan dangi ɗaya ya bayyana a shanu da yawa, to daga saniya zuwa saniya yake tafiya, ta hannun mai tatsa ko tsumman goge hantsa. Idan kuwa kowace da nata, musamman irin su E. coli, ƙwayar da ke cikin kashi, laifin makwanci ne: kashi da taɓon damina.

A garkena na farkon aka samu. Yanzu kowace saniya da tsummanta, ana tsoma kan nono a ruwan aidin bayan tatsa, masu ciwon kuma su ne na ƙarshe a layi. Tsohuwar da ciwon ya ƙi saki na sayar da ita, don wannan ƙwaya tana ɓuya can cikin naman hantsa inda magani ba ya kai mata sosai.

Abin da ke damuna shi ne allurar kai-tsaye da makiyaya ke dirka wa shanu ba gwaji. Ragowar maganin na fita a madara, ya hana yogot kamawa, ya kuma shiga cikin yaranmu. Alhali ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta ABU, ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a Shika, duk a ƙofar gidanmu. Mai kawo mini madara daga ruga, tambayata ta farko gare shi ita ce: "Malam, yaushe aka yi wa saniyar allura?"