Abin da littafin maki ya nuna mini a gasar kurket ta mata a Legas

Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata a Kaduna. Na jima ina koya wa ɗalibaina kurket, wasan da ƙungiya ɗaya ke jifa da ƙwallo ɗayar kuma ke bugu da sanda don cin maki, amma ban taɓa ganin wasan ƙasa da ƙasa ido da ido ba sai a ƙarshen watan Maris na 2023, lokacin da Hukumar Kurket ta Najeriya ta gayyato Ruwanda, Ghana, Saliyo da Kamaru zuwa Legas domin gasar mata ta mako guda, a filin kurket na dandalin Tafawa Balewa. Na roƙi a bar ni in zauna bayan masu rubuta maki in koyi aikin, aka yarda. Littafina na koyo ne, ba shi ake miƙa wa hukuma ba, amma duk jifar da aka yi sai na rubuta ta kamar yadda suke yi.

Azumi bai daɗe da kamawa ba a lokacin, ga zafin Legas mai gumi wanda ba irin namu ba ne. Takarda kan jiƙe a ƙarƙashin hannu, shi ya sa kowa ke ɗora ƙyalle a inda yake jingina tafinsa, kuma da fensir ake rubutu.

Wasan gajeren zango ne, wanda ake kira T20. Kowace ƙungiya tana da oba 20, kowace oba jifa shida ce ingantacciya, kuma mai jifa ɗaya ba za ta wuce oba huɗu ba. Doka ta tanadi masu rubuta maki biyu, kowa da littafinsa. Dattijon da aka haɗa ni da shi ya yi zama a Zariya da ƙuruciyarsa, Hausa ta zauna a bakinsa. Tun kafin a fara ya ce mini, "'Yata, idonki a kan alƙali, ba a kan ƙwallo ba. Ƙwallo na 'yan kallo ne."

Na ce, "Baba, in ban kalli ƙwallo ba, ya zan san abin da ya faru?"

Ya ce, "Abin da alƙali ya ce ya faru, shi ya faru."

Haka kuwa aikin yake. Alƙali ya buɗe hannaye biyu a miƙe, jifar ta yi faɗi ke nan, an ba masu bugu maki ɗaya kuma za a sake ta. Ya miƙa hannu ɗaya gefe, ƙafar mai jifa ta tsallake layi. Ya kaɗa hannu a gaban ƙirjinsa, maki huɗu. Ya ɗaga hannaye biyu sama, shida. Ya ɗaga ɗan ali, mai bugu ta fita. Duk alamar da ya yi wa masu rubutu sai an ɗaga masa hannu alamar an gani, in ba haka ba wasa ba zai ci gaba ba. Jifar da ba a ci komai a kanta ba, ɗigo ake sa mata. A ƙarshen kowace oba Baba kan karanto jimla da ƙarfi, abokin aikinsa ya amsa, ni ma in duba tawa a hankali. In an kammala zagaye kuwa sai lissafi ya haɗu ta hanya biyu: abin da masu bugu suka ci haɗe da makin kyauta irin na jifa mai faɗi, da kuma abin da aka ci a hannun masu jifa haɗe da ɗan abin da ba a ɗora musu. In hanyoyin biyu suka saɓa, ba mai tashi daga kujera.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gane 'yan wasa. Hular kwano ta rufe fuska, kaya iri ɗaya, ga nisa. Sai na riƙa rubuta ƙananan alamu a gefen suna: wannan bahaguwa ce, waccan roban sandarta ja ne, wancan takalmin yana da shuɗin zare. Sunayen 'yan Kamaru da na Ruwanda kuma sai da na kwafe su harafi bayan harafi daga takardar da shugabar kowace ƙungiya ta miƙa kafin a jefa kwabo. Ban ɗauki wannan da wasa ba, domin tun ranar 1 ga Yuli, 2018 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ba duk wasan T20 na mata tsakanin ƙasashen da ke cikinta cikakken matsayin wasan ƙasa da ƙasa. Maki goman da yarinya daga Firitawun ta ci a Legas yana shiga kundi ɗaya da na 'yan Ostareliya da Indiya. In an kuskure sunanta, an danne mata haƙƙi.

Kafin gasar ta yi nisa na fara ganin abin da mai kallo ba ya gani. A gefen shafi akwai gurbin makin kyauta, wato wanda ƙungiya ke samu ba tare da ta buga komai ba. A wasannin ƙasashen da suka fi ƙarancin gogewa, gurbin nan kan cika har in nemi wuri a ƙasansa. Jifa ɗaya mai faɗi ba ta da wani nauyi a ido, sai dai da yayyafi kogi kan cika: maki ɗaya ne, ga ƙarin jifa, ga mai jifa ta fara gajiya, ga masu tsaron fili sun daɗe cikin rana. In tsallake layi ne ma abin ya fi muni, saboda jifar da ke biye mai bugu za ta kai mata duka ba tsoron a fitar da ita ta hanyar cafe ƙwallon ko kayar da sandunan da take karewa a bayanta. Ruwanda da Najeriya ba wai sun fi sauran ƙarfin damtse ba ne sosai. Shafukansu sun fi tsabta, ɗigo a jere, kuma masu bugunsu sun san gudun maki ɗaya-ɗaya maimakon jiran huɗu. Su biyun ne suka kai wasan ƙarshe, Najeriya ta ɗauki kofin, bayan a 2022 Ruwanda ce ta doke ta a wannan filin ta tafi da shi.

Wannan tsabtar ba daga sama ta faɗo ba. Ƙasashen biyu sun daɗe suna gwabzawa da juna. A watan Janairun 2019 'yan Ruwanda sun zo Abuja aka yi wasa biyar, Najeriya ta ci uku; a watan Satumba na shekarar Najeriya ta je Kigali, Ruwanda ta rama da uku. Ruwanda kuma tun 2014 take shirya gasar Kwibuka ta mata domin tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi a 1994, ga filin Gahanga da ta buɗe a 2017. Ƙasar da 'yan gudun hijirar da suka dawo daga Uganda da Kenya ne suka yaɗa wasan a cikinta, ita ce 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Zimbabuwe da West Indies a gasar cin kofin duniya a farkon 2023.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana dariyar abin da ya faru da Mali a gasar Kwibuka ta 2019, inda Ruwanda ta fitar da su duka a kan maki 6, Uganda kuma ta ci 314 a kansu. Har wasu suka ce bai kamata a lissafa irin waɗannan wasanni ba. Ni da na zauna na ga yarinya ta jefa faɗi sau uku a jere, ta share hawaye da hannun riga, ta koma ta ƙarasa obarta, ban yarda da su ba. Ba atisayen da zai koya mata jifa alhali alƙali na tsaye, allon maki na motsi, ana kiran sunan ƙasarta. Najeriyar da ta fara wasannin T20 masu cikakken matsayi daga wasa biyar a Abuja ta ci lambar tagulla a Wasannin Afirka a Accra a watan Maris na 2024, sannan 'yan ƙasa da 19 ɗinta suka doke New Zealand da tazarar maki biyu a Malesiya a watan Janairun 2025. Maki biyu, wato jifa biyu masu faɗi.

Da na koma Kaduna na sauya yadda nake aiki. A da, yawancin lokacinmu a koyon bugu yake tafiya, saboda shi yara suka fi so. Yanzu kowace mai jifa sai ta yi oba cikakkiya a kan kankaren da muke shimfiɗa wa tabarma, wata ɗaliba na tsaye a matsayin alƙali, wasu biyu na zaune da littafi. Ranar Juma'a kafin a tashi nakan karanto wa kowacce yawan makin kyautar da ta bayar a makon. Wata da ba ta son gudu ko kaɗan ta zama gwanar rubutu, har ita ke tsayar da wasa in jimla ba ta haɗu ba.

Iyaye kuwa, waɗanda suka zo suka gani da idonsu hankalinsu ya kwanta. Dogon wando ake sawa da riga mai dogon hannu, hijabi na shiga ƙarƙashin hular kwano, kuma ba haɗa jiki a wasan. Abin da ya rage mana shi ne abokan karawa. Na yi magana da malamai a wasu makarantu biyu, muka tsara wasa uku-uku a kowane zangon karatu, oba goma-goma saboda mu gama kafin la'asar. Ƙwallon fata na da tsada, don haka da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif za mu fara, kuma kowace makaranta za ta zo da mai rubuta makinta.