Yaron da na yi ta duka a kan kalma goma

Yau na miƙa makullin kabad ɗin aji uku, na bar koyarwa a firamaren da na yi shekara huɗu a cikinta a yankin Anka, kuma wallahi abu ɗaya ne ya tsaya min a maƙogwaro tun safe.

Akwai wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba. Duk Litinin ina rubuta kalmomin Turanci goma a allo, ranar Juma'a in tambaya, haka hedimasta ya tsara don in sufeto ya zo a nuna masa littattafai cike. Yaron nan zai maimaita kalma a bayana tiryan-tiryan, in juya in goge allo in dawo, ta gudu. Umbrella ta koma "ambela", gobe ma babu ko ambelar. Na ɗauka iskanci ne da rashin maida hankali, na yi ta zabga masa bulala kusan zango biyu, har daƙiƙi na kira shi gaban 'yan aji, suka ɗauka suka mayar masa suna.

Ranar da babarsa ta zo ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi Malam ka yi haƙuri da shi, yana cikin yaran da gubar dalma ta kama a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ya yi ta jijjiga sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ɗora shi a kan magani, yayansa kuwa bai tashi ba. Yara sama da 400 aka rasa a Zamfara a wannan annoba, kowa a nan ya sani, ni ma na sani, amma ban taɓa haɗa wannan da allona ba.

Sai daga baya na gane yadda abin yake. Sabuwar kalma sauti ce baƙuwa, dole ƙwaƙwalwa ta riƙe ta na 'yan daƙiƙoƙi, ta juya ta, kafin ta liƙa mata ma'ana ta ajiye. Dalma tana taɓa maida hankali da wannan riƙon, kuma magani yana rage gubar a jini ne, ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Shi ya sa doguwar kalma ke tarwatse masa tun kafin ta kai ciki, tsoron bulala kuma ya cinye ɗan abin da ya rage.

Na koma ba shi kalma uku a sati, in kawo abin a hannu, kofi, cokali, lema, ya taɓa ya faɗa, gobe mu sake, jibi mu sake. Gajeru tukuna. Kar a haɗa masa masu kama da juna rana ɗaya.

Hedimasta ya ce ina ja wa aji baya, sikim, wato tsarin karatun zango, ba ya jira, har takardar gargaɗi ya ba ni, shi da bai taɓa tsayawa minti biyar a ajin ba. Takardar tana nan cikin jakata. Yaron kuma ɗazu da hadari ya haɗo ya biyo ni bakin ƙofa da lemata, ya ce Malam ka manta umbrella.