Kura da shan bugu: abin da na tarar a hanyar neman koyarwa a jami'a

Da ƙarshen wannan zangon karatu na miƙa makin ɗalibaina, na kuma shaida wa shugaban sashe cewa na daina karɓar darussan awa-awa. Duk wanda ya taɓa zama vakater, wato malamin wucin gadi da ake biya bisa awa, ya san rayuwar: aji cike maƙil, takardun jarrabawa buhu guda, kuɗin kuma ba sa fitowa sai ka manta ka yi aikin. Ƙannena da ke rubuta kundin digiri na uku a tarihi da adabi da falsafa da ilimin harsuna suna yawan tambayata yadda ake zama malamin jami'a na dindindin. Ni ban samu shiga ba, amma na san ƙofar da aka rufe mini, na kuma san hannun da ya rufe ta.

A watan Nuwamban 2018 Shugaba Paul Biya na Kamaru ya ba da umarnin ɗaukar masu digiri na uku 2000 a jami'o'in gwamnati: 1000 a 2019, 500 a 2020, 500 a 2021. Mu 'yan arewa da muka ga an buɗe jami'ar Marwa a 2008, bayan shekaru ana dogaro da ta Ngaundere kaɗai, mun ɗauka lokacinmu ne ya zo. A lokacin kundina ya kusa kammala. Babi ɗaya ya rage, sai gyare-gyare.

Aikina a kan fataken Hausawa ne da suka kafa zanguna a ƙasar Adamawa a ƙarni na 19, masu safarar goro da hauren giwa da tufafi tsakanin Garwa, Ngaundere, Tibati da Banyo. Jigon aikin wasiƙu ne da waƙoƙin ajami da na bi gida-gida na samo. A Tibati wani dattijo ya fito mini da gafakar kakansa, takardun duk gara ta ci gefensu, tawadar ta koma ja-ja. Ya hana ni ɗaukar hoto sai da na karanta masa shafi guda da ƙarfi, ya ji ban yi tuntuɓe a sunayen fataken ba, sannan ya ce, "To, yaro, ɗauka, amma ka faɗi gidan da ka samo." Na yi masa alkawari.

Farfesan da ke duba kundina gwani ne a Faransanci, kuma ya san takardun Turawan mulkin mallaka ciki da bai, wannan ba zan tauye masa ba. Amma ba ya karanta ajami. Sai ya ce in juya takardun zuwa boko, in fassara su da Faransanci, in kawo masa domin ya tabbatar da ingancinsu. Na kai masa komai a filas, hannu da hannu, ba shaida, ba takarda. Bayan wani lokaci wani abokin karatuna ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba. Maƙala ce a wata mujallar ƙasar waje, da sunan Farfesa shi kaɗai. Fassarata ce kalma da kalma. Har wata kalma da ban tabbatar da karatunta ba, na sa mata alamar tambaya, tana nan da alamarta. Sunana yana can ƙasan shafi cikin 'yan rakiya da aka yi wa godiya, gidan dattijon Tibati kuwa ko ambatonsa babu.

Na same shi a ofis, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, na ce, "Malam, ranka ya daɗe, na ga maƙalar ta fito. Na zaci sunana zai biyo bayan naka."

Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai fa har yanzu ɗalibi ne. Ka gama tukuna, sunanka zai yi yawo har ya gaji."

Daga ranar kundina ya kwanta a teburinsa. Ba a ajiye kundi a kai ga alƙalai sai da sa hannun mai dubawa, kuma hannun ya ƙi motsi. Yau ya yi tafiya Yawunde, gobe yana da taro, jibi ya ga wata 'yar matsala a gabatarwa. Zagayen farko, mai kujeru 1000, ya wuce ina nan da sunan ɗalibi. Da aka tashi sakin kundin na kare shi, alƙalai suka yaba ƙwarai, aka yi hotuna da riguna. Amma da na haɗa dosiye, wato takardun neman aiki, na miƙa a zagayen da suka biyo baya, wurin da ake lissafa maƙalun da mutum ya wallafa fayau yake. Mafi kyawun abin da nake da shi ya riga ya fita da sunan wani, kuma babu mujallar kirki da za ta sake buga shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu da aka ɗauka, kundinsu bai kai nawa ba, na karanta na sani, amma suna da maƙala biyu ko uku da sunansu. Ba na jin haushinsu, sun yi abin da ya kamata.

Ya kamata ku fahimci dalilin da ke sa irin wannan yake faruwa, don ba mugunta ce kawai ba. Malamin jami'a a Kamaru yana farawa daga asistan, wato mataimakin malami, sai ya hau matakai biyu kafin ya kai farfesa, kuma kwamitin da ake kira CCIU ne ke tantance kowane hawa, yana ƙirga abin da mutum ya wallafa da ɗaliban da ya yaye. Ko wanda ya kai ƙololuwa, da sababbin maƙalu ake gayyatarsa taro a Turai. Shi yana buƙatar rubutu, kai kuma kana da ɗanyen kaya, ga ka da harshen da bai iya ba. Mu kuma da muka tashi a makarantar allo an koya mana cewa almajiri ba ya ja da malaminsa, albarka yake nema. Wannan tarbiyya gaskiya ce, ba zan yar da ita ba. Sai dai malamin allo ba ya ɗaukar allonka ya kai wani gari ya ce shi ya rubuta. Marigayi masanin tarihi Eldridge Mohammadou, wanda ya rasu a 2004, ya zagaye lamidocin arewacin ƙasar nan yana tattara tarihin baka, kuma da ya fitar da littafin tarihin Garwa, sunan Modibbo Bassoro, wanda suka yi aikin tare, yana kan bango tare da nasa. Ashe ana iya yi.

Don haka, tun kana shekara ta biyu ka fitar da maƙala ɗaya daga abin da ka samo a fili, da sunanka. Idan al'adar sashenku ita ce a haɗa da sunan mai dubawa, a haɗa, amma a yi maganar kafin ka miƙa komai. Duk abin da za ka ba shi ka tura ta imel, kwanan wata ya zauna. Ka gabatar da takardunka a taron ƙara wa juna sani na sashe, a gaban mutane, kowa ya ji daga bakinka aka fara jin su. Wannan ba rashin kunya ba ne. Kafin ma ka zaɓi mai duba maka kundi, kada girman suna ya ruɗe ka. Nemi tsofaffin ɗalibansa a keɓe, ka tambaye su tsawon lokacin da babi yake yi a hannunsa, da kuma nawa ne cikinsu suka wallafa wani abu kafin su kare.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kowane darasi ka koyar a matsayin vakater, ka karɓi takardar shaida mai hatimi a shekarar, don shugabannin sashe suna canzawa. Idan kana koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, da albashin gwamnati, kada ka saki saboda alkawarin baki. Ana sa iyakar shekaru a sanarwar ɗaukar aiki, saboda haka jinkirin kundi ba ƙaramin abu ba ne. Ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako biyu, masu tantancewa sun san su. Ka koyi Ingilishi da gaske, domin mai binciken tarihin Adamawa ba shi da makawa sai ya leƙa ma'ajiyar takardu ta Kaduna da ta Buea. Ka riƙa bibiyar sanarwar CODESRIA, cibiyar tallafa wa bincike a Afirka da ke Dakar. Ɗaliban da ke zuwa mana daga Cadi kuma su tuna cewa a can ma'aunin CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama, ne zai yi aiki a kansu, su karanta sharuɗɗansa tun da wuri. Maganar daidaiton yankuna wajen rabon kujeru da wasu ke jingina da ita, ko ta yi aiki, tsakanin masu cikakken dosiye take yi.

An buɗe jami'ar Garwa a 2022, na sake gwadawa, ban dace ba. A tsakanin nan na fitar da maƙalu biyu daga takardun Banyo waɗanda ban taɓa nuna wa kowa ba, kuma a kowace na rubuta sunan gidan da ya ba ni amana. Wata mai zuwa zan fara aikin bincike da fassara da wata ƙungiyar agaji a yankin Arewa Mai Nisa, inda ake neman mai jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, wanda kuma ya iya zama da dattawa ya saurare su. Kafin in tafi, duk wanda ke haɗa dosiye a Garwa yana son wani ya duba masa, ya kawo.