Tare da Larabawan Misiriya zuwa ƙetaren kogin Batha

Kawuna ya daɗe yana fataucin shanu tsakanin Chadi da Maiduguri. A Injamena yake zaune, kuma yawancin abokan cinikinsa Larabawan daji ne, irin waɗanda a Borno ake kira Shuwa. Da na kai masa ziyara a farkon damina, sai na tarar yana shirin tafiya gabas wajen wani dattijo ɗan ƙabilar Misiriya da suka daɗe suna hulɗa. Ban jira ya tambaye ni sau biyu ba.

Mun bi kwalta ta Masaget da Bokoro, muka ratsa duwatsun Gera a wajen Bitkin, muka kwana a Mongo. Washegari muka wuce Mangalme, garin da manoma suka yi wa masu karɓar haraji bore a 1965. Kafin Umm Hajar muka sauka daga kwalta, wani saurayi da aka aiko ya shige gaba a kan doki, motarmu na binsa a hankali cikin ƙaya da sabuwar ciyawa.

Mashekarin nasu, wanda suke kira farik, da'ira ce ta bukkokin tabarma. Ana lanƙwasa sanduna a kafa, a rufe da tabarmin kaba, a bar fili a tsakiya inda shanu ke kwana, maruƙa kuma a killace su da ƙaya. Bukka ta mace ce. Ita ta saƙa tabarmin, ita ke kafawa, ita ke kwancewa, kuma gadon da ke ciki da ƙoren nono duk nata ne. Maza ba su cika zama a ciki da rana ba. Suna da bishiyarsu a gefe, nan ake sallah, nan ake karɓar baƙo, nan kowane gida ke aiko da akushin tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa a ci tare. Aka miƙo mini ƙwaryar madara mai ɗumi, sannan shayi a ƙaramin kofin gilashi, mai sukari har ya yi kauri.

A gindin bishiyar nan na fara gane yadda aka gina rayuwar. Dattijon ya tambayi sunan mahaifina da na kakana, na faɗa, ya ce in ci gaba. Da na tsaya, sai ya kira wani jikansa da bai wuce shekara goma ba, yaron ya jero kakanninsa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A faɗarsu, asalinsu daga ƙabilar Larabawa ta Juhaina ne, kuma wani kaka mai suna Junaid shi ya haɗa manyan rassan Larabawan Chadi: Salamat, da Aulad Rashid, da Hemat, da zuri'ar Atiya wadda Misiriya da Rizegat suka fito daga cikinta. Misiriya su ma kashi biyu ne, Humur da Zurug, kowanne ya rarrabu har zuwa ɗakin da suke kira khashim bet, wato 'ya'yan kaka ɗaya na kusa. Kusan duk mazan farik ɗin 'yan ɗaki ɗaya ne, matansu kuma yawanci 'ya'yan baffanninsu, don auren zumunci shi ne na farko a wurinsu. Dukiya ba ta fita waje, kuma matar da aka ɓata wa rai ba ta da nisa da ubanta.

Wannan lissafin kakanni aiki yake yi, kuma na ga aikinsa da idona. Da yamma wani baƙo ya iso a kan raƙumi, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Wani ɗan danginsu ya yi kisa a rikicin bakin rijiya, can wani wuri da yawancin mutanen farik ɗin ba su taɓa zuwa ba. An zauna sulhu, an yanke diyya, yanzu ana bin gidaje ana tara ta. Babu wanda ya tambayi ko yaron yana da gaskiya. Abin da aka tsaya a kai shi ne kusanci: wane gida ne ya fi kusa da shi a jini, don shi zai fi ɗaukar nauyi. Wani magidanci mai 'yan shanu kaɗan ya tashi ya nuna ɗan bijimin da zai bayar, fuskarsa a murtuke, amma bai yi gardama ba. Kawu ya raɗa mini cewa gobe in annoba ta share wa magidancin nan garke, ta wannan hanyar za a tara masa na farawa.

Abin ya burge ni, kuma ya tayar mini da hankali. Tsarin da ke hana mutum faɗuwa shi kaɗai, shi ne kuma yake sa faɗan mutum biyu ya zama na dangi biyu. Dattijon bai musa ba da na faɗa masa. Ya ce, "Ɗana, a dajin nan wa zai tsaya maka in ba ɗan'uwanka ba?"

Dangin nan bai san iyakar ƙasa ba. Misiriya suna da 'yan'uwa a Kordofan ta Sudan, wajen Babanusa da Muglad, waɗanda ke gangarawa yankin Abyei da rani su haɗu da 'yan ƙabilar Dinka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, duk wanda ya sami waya a kasuwa labarin can yake fara nema. Ta yamma kuma akwai Mahamid, reshen Rizegat masu raƙuma, waɗanda fari da yaƙe-yaƙen Chadi suka tura har Diffa a Nijar. A watan Oktoban 2006 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar za ta kore su zuwa Chadi, sannan ta janye cikin 'yan kwanaki. Dattawan suna tuna wannan sarai.

Tafiyar kanta tana da ƙa'ida, ba yawo ba ne. Da rani suna kudu, wajen yankin Salamat, inda ruwa ke daɗewa. In ruwan farko ya sauka, ƙasar can ta zama taɓo mai riƙe kofato, bobuwa da sauro su addabi dabbobi, dole a tashi. Arewa kuma akwai yashi da ciyawa mai ƙiba da tafkunan damina. Tsakanin biyun kogin Batha ya gitta. Yana tasowa daga tuddan Wadai, ya bi ta Umm Hajar da Ati ya zuba a tafkin Fitri. Yawancin shekara yashi ne kawai, amma in ya kawo ruwa, wanda bai haye ba ya makara. Shi ya sa kowace safiya dattijon yake duban gabas, yana tambayar duk matafiyi ko an yi ruwa a Wadai.

Ranar tashi, tun kafin rana ta fito mata sun kwance bukkoki. Cikin ɗan lokaci babu abin da ya rage sai toka da kashin shanu. Aka ɗora tabarmi da sanduna da tukwane a kan takarkarai, mace ta haye can sama da jaririnta, igiyar hancin sa a hannunta. Na ga wata tsohuwa ta sa ɗan maraƙin da aka haifa daren jiya cikin kwando ta rataya a gefen nata takarkarin, uwar na biye tana kuka. Samari suka yi gaba da garke, masu dawaki suna kai da komo. Na bar motar na bi su a ƙasa, ƙura da warin man shanu suka cika mini hanci.

Wajen azahar tafiya ta tsaya cik. Burtalin da suke bi, murhal a bakinsu, ya tsuke, don wani ya shuka gero a tsakiyarsa. Samari suka tare shanu da sanduna, dattijon da kawu suka nufi ƙauyen, ni ina biye. Mai gonar ba azzalumi ba ne. Ya ce tsohuwar gonarsa ta gaji, 'ya'yansa sun yi yawa, kuma ƙasar burtali ita ce mai taki. Dattijon ya tuna wa mai garin amanar da ke tsakanin kakanninsu, lokacin da Larabawa ke ajiye gero a rumbunan ƙauyen, su kuma su bar musu taki da nono. Aka daɗe ana magana, aka sha shayi, a ƙarshe aka yarda shanu su bi gefe a jere, yaran ƙauyen da na farik suna tsare da shuka.

An rabu lafiya, amma raina bai kwanta ba. Ƙasar da ƙidayar dabbobi ta 2015 ta nuna tana da kusan miliyan 94, babbar dokarta ta kiwon yawo tun 1959 aka yi ta, kafin 'yancin kai. Majalisa ta amince da sabon kundin kiwo a 2014, aka yi ta ce-ce-ku-ce, Shugaba Idriss Deby ya janye shi. Tun daga farin 1973 da na 1984 makiyaya ke ƙara nutsawa kudu, gonakin gero da na masakwa, wato dawar rani, kuma suna ƙara faɗi. Bai kamata a bar wannan nauyi a wuyan tsofaffi biyu da butar shayi ba. Wanda ya san yadda burtali ya ɓace a Zamfara da Katsina, ya san inda irin wannan sakaci yake kaiwa.

Mun iske Batha ya fara kawo ruwa, iya cinya. Aka tura manyan shanu gaba, samari suka rungumi maruƙa da tumaki suna hayewa da su ɗaya bayan ɗaya, mata suka tattare kaya sama. Wani takarkari ya zame, tabarmi suka jiƙe, tukunya ta tafi, amma babu rai da ya salwanta. Da kowa ya haye, dattijon ya yi alwala da ruwan kogin ya ja mu sallar la'asar.

A Umm Hajar muka rabu, bayan kawu ya gama cinikinsa a kasuwar dabbobi. Su suka miƙe arewa. Dattijon ya ce za su juyo in tafkuna sun fara ƙafewa, wajen watan Oktoba, kuma ta burtalin nan za su bi don babu wani. A lokacin geron mutumin ya yi kai, ba a kai ga girbi ba.